Ƙyauren Zaurenmu

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isufu, Allah Ya jiƙansa. Idan na zauna tunaninsa, ba ranar rasuwar ke fara zo mini ba. Wata rana ce can baya, Faransawa ba su daɗe da buɗe lakwal, wato makarantar boko, a Matameye ba, ni kuma ina ƴar yarinya. Na taso da azahar, allona rataye a wuya, na iso gida na tarar zaurenmu babu ƙyaure. Ramin da ƙafar ƙyauren ke juyawa a ciki yana nan da sabuwar ƙasa a bakinsa, alamar yanzu aka cire shi.

A garinmu wancan zamani, in aka cire ƙyaure aka fita da shi, gawa za a ɗauko. Ban tambayi kowa ba, don ni ba mai tambaya ba ce. Na raɓe jikin katanga har na hango maza ɗauke da shi a kafaɗa, Baba a miƙe a kai. Mata suka fasa kuka, Gwaggo Tabawa, yayar Baba, ta fi kowa. Sai muka ji murya daga saman ƙyauren: "Tabawa, rage kukan nan ki ajiye saura, ban tafi ba tukuna."

Ashe gawo ya hau zai saro wa awaki ganye, da yake ƙarshen rani ne ciyawa ta ƙare, reshe ya karye da shi ya faɗo a zaune. Waɗanda suka fara isa sun so su kama shi hannu da ƙafa su zaunar da shi. Mati maɗori, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, ya hana, ya sa a ciro ƙyaure. A tsakar gida na ga ya shafa bayan Baba a hankali, ya mintsini yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko ya ji. Ya ji. Mati ya ce shi hannu da ƙafa yake ja ya ɗaure da kara, baya kuwa ba shi da inda zai ɗora kara, a kai shi Damagaram wurin likitan Nasara.

Baba ya ce a fara sauke shi daga kan abin nan na matattu. Mati ya ce, "Sauka yau, Isufu, gobe ka koma kansa, kuma ba za ka yi mana surutu ba." Haka aka saka shi a motar wani ɗan kasuwa da ƙyauren duka. Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata za ta bi ni. Tun da an karɓe mini ita an kai lakwal, yau ta zama kunnena."

Abin da na gani a ɗakin likita har yau ban manta komai nasa ba. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya bayyana mana cewa ƙashi ɗaya cikin jerin ƙasusuwan baya ya danne ta gaba, kamar curin fura da aka matsa gefe guda. Aka yi wa Baba allura, aka kawo tebur biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, aka bar fili a tsakaninsu. Aka kifa shi, haɓa da hannuwa kan mai tsawon, cinyoyi kan gajeren, cikinsa yana reto a tsakani har bayan ya lotsa. Majo ya ce lotsawar nan ce ke buɗe ƙashin da ya danne. Suna riƙe da shi a haka suka yi ta naɗa masa ƙyalle da aka tsoma cikin wani farin gari da ruwa, daga ƙirji har ƙugu. Na taɓa gefensa na ji ya yi ɗumi, can ya daskare kamar dutse. Suka yanke ƴar taga daidai ciki, don tuwo ya sami wurin zama.

Likita ya goga mabuɗi a tafin ƙafar Baba, ya dubi yatsun, sannan ya yi dogon jawabi da Faransanci. Majo ya ce, "Ya ce ka yi haƙuri da rigar nan sai gero ya fitar da kai." Ni na ji abin da ya fi haka, amma ba wanda ya dube ni, sai na riƙe.

A gida yara suka laƙaba masa Mai Rigar Dutse. Yana iya tsayawa, yana ɗan takawa a tsakar gida, amma ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba tafiya mai nisa. Salla a tsaye yake yi da nuni, barci kuma kan ƙyauren, zaure sai asabari aka rataya masa. Zafi ya sa ƙaiƙayi, ni ke zura tsinken kaba ina sosa masa, kullum da safe kuma ina kallon yatsunsa ba tare da ya sani ba. Gwaggo ba ta taɓa yarda da rigar ba. A wurinmu ɗori ana kwance shi a kai a kai, a gasa, a shafa man shanu, a mayar. Wanda aka rufe aka bari, in ji ta, ruɓewa yake yi, ga wari ma ya fara.

Sai ruwan shuka ya sauka. Da safe gari ya watse gona, Baba yana tsaye a ƙofa yana kallon masu wucewa da sungumi. Ya aike ni in kira Mati, ya zo da wuƙa. Kafin mu iso Gwaggo ta narka man shanu. Mati ya ƙwanƙwasa rigar da yatsa, ya ce a sana'arsu maɗori ba ya kwance ɗorin ɗan'uwansa, Nasaran nan kuwa ko ba ya salla maɗori ne. Baba ya ce to a ba shi wuƙar ya yanka da kansa, ba zai zauna yana kallo gidansa ya kwana da yunwa ba.

Nan ne na yi magana, idona a ƙasa. Na ce likita ya ce in aka cire kafin ƙashin ya kama, zai sake dannewa ya matse lakar da ke cikinsa, ƙafafu su mutu, kuma ba mai iya tada su.

"Majo bai faɗi haka ba."

"Ya taƙaita ne, Baba."

"Ke me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Ba a tambaye ni ba."

Mati ya yi dariya har da tari. Baba bai yi ba. Ya sunkuyar da ido, da yake iyakar abin da zai iya sunkuyarwa ke nan, ya motsa babban yatsansa yana kallo. Can ya ce, "To gonar fa?" Mati ya kira gayya. Ranar gayyar Baba da bakinsa ya ce a ɗauko ƙyaure, wannan gawar tana son ganin gona. Aka ratsa gari da shi yana gaida mutane daga sama, aka ajiye shi a gindin gawon da ya kayar da shi.

Da gero ya fitar da kai aka yanke rigar a Damagaram. A cikinta aka tarar da guntayen tsinkayena da ɓawon gyaɗa. Baba ya yi noma shekaru masu yawa bayan haka, da ɗan doro kaɗan, kuma bayansa kan gaya masa zuwan ruwa kafin hadari ya haɗu.

Kwanan baya yaron maƙwabtanmu, ɗan kabu-kabu, ya karye a baya aka kai shi Yamai. Ya dawo ya nuna mini hoton ƙashinsa: ƙusoshi masu murɗi an kafa su sama da ƙasan karayar, sanduna biyu na ƙarfe sun haɗa su. Ba riga, ba ƙaiƙayi, cikin ƴan kwanaki ya taka. Na san da Baba na nan sai ya ɗaga hoton ga rana, ya tambayi ko likitan ɗan maƙera ne, kuma ko abin ba ya tsatsa. Zai yi murna. Abin da zai ɓata masa rai a bakin tasha yake, inda har yau in mutum ya faɗi ake cicciɓarsa hannu da ƙafa, a lanƙwasa shi a kujerar mota. Ƙusa tana riƙe ƙashi, amma ba ta ɗinke lakar da aka tsinke a hanya.

Baba bai bar dukiya ba, bai kuma yi suna ba. Abin da ya bari shi ne, tun daga shekarar nan, duk wanda ya faɗo daga itace ko raƙumi a unguwarmu, ƙyaurenmu ake zuwa ara, shi kuma ya bi shi a baya yana cewa kada a zaunar da mutumin. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Amma mata sun daina fasa kuka kafin su tambaya.

Bana Lawali, ɗan ƙanena, ya rushe zauren ya yi na siminti da ƙofar ƙarfe. Na tarar da ƙyauren jingine cikin itacen girki. Na sa aka ciro shi, Lawali yana dariya: "Hajiya, ko ajiye wa kanki kike yi?" Na ce masa ba aikinsa ke nan ba. Na roƙe shi abu ɗaya: ya jingine shi a sabon zauren, daga bakin ƙofa, kada ya ɗora masa kaya, kada ya kulle shi, ya kuma gaya wa yaran tasha inda yake.