Jiƙon Dusar da Sale Ya Sha

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, akwai ranar da har gobe ba ta bar raina ba. Zamanin En'e ne, ina malamin dabbobi a ƙasar Roni. Ƙa'idar lokacin, in dabba ta yi mutuwar da ba a gane kanta ba, dagaci ya sanar da hakimi, hakimi ya tura ni in duba.

Da kaka aka aiko cewa dokin wani falke, Alhaji Bawa, ya mutu a wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Ya yi ta birgima yana fitsarin jini. Sale, wanda ya yi shekara da shekaru yana kiwonsa, shi aka ce ya sa masa guba.

Ina can ina fama da keke cikin yashi, ashe har an taru a ƙofar dagaci. Mutanen wajen kuwa, in an zargi mutum da guba, sai ya ci abin a gaban jama'a ya wanke kansa. Sale ya ɗauko ƙwaryar jiƙon dusa da yake haɗawa da garin harawa, ya ce, “Ranka ya daɗe, abin da na ba shi ke nan.” Ya kafa kai ya shanye ragowar.

Na tarar ana yi masa barka. Na karɓi ƙwaryar, sai na ga ɓaraguzan fukafukai a gindinta. Na sa aka kawo damin harawar dokin na kwance, ga matattun hangara birjik, ƙwaron nan da in ya taɓa fata sai ta yi bororo. Ashe gudun hadari ya sa aka ɗaure harawar ɗanya, ba a shanya ta ƙwarin sun tashi ba. Dafinsu ne ya kashe dokin, ga shi Sale ya sha.

Na ce, “Sale, yaya kake ji?”

Ya ce, “Malam, maƙogwarona ne ke ƙuna. Amma ai sun yarda da ni yanzu, ko?”

Muka ɗauke shi muka nufi Kazaure wurin likita. A hanya ya fara aman jini, washegari Allah ya karɓi abinsa. Alhaji Bawa ya zube a ƙasa yana ta cewa, “Doki ne fa. A kan doki ne kawai.”

Shi ya sa kuke ji ina yi muku faɗa. In an kira ku kan mushen dabba, ku fara tambayar wa ake zargi, ku aika a ce kada a yi masa komai sai kun zo. Dabbar ta riga ta tafi, shi kuwa yana da sauran rai.