Hirata da Alhajin Mangaza

Ina shekara ta biyu a jami'a a Damagaram malaminmu na darasin kasuwanci ya ba mu aikin hutu. Ya ce kowa ya nemi wanda ke tafiyar da wata sana'a, ya yi hira da shi, ya rubuto abin da ya ji. 'Yan ajinmu suka hau ƙorafi, ni kuwa ko a jikina, don ina ganin nawa aikin a tafin hannuna yake. Tun kafin a haife ni Babana ke aiki ƙarƙashin wani Alhaji mai kula da babbar mangaza, wato ma'ajiyar hatsi da wake, a Gure. Mangazar ba ta Alhajin ba ce, ta wani attajiri ce da ke zaune Damagaram, wanda kowa ke kira Maigida, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Baba ne ke bin kasuwannin Gidigir da Kelle yana saye wa mangazar kaya. Babu takarda tsakaninsa da Alhaji, yarda ce kawai, kuma da ita ake ɗora tukunya a gidanmu.

Da na gaya wa Baba a waya cewa da Alhaji nake son yin hirar, sai ya ce, "To, ki bari in nemi hanya. Kada ki yi maganar da kowa."

Hanyar Baba na san ta. Zai je ya gaida Alhaji, ya zauna, ya tashi bai ce komai ba, yana jiran ranar da zai ga fuskar mutumin a sake. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce ana nan ana dubawa. Hutu ya matso, raina ya fara ɓaci, ina ganin tsufa ne kawai da jan ƙafa.

A gidan Gwaggona nake zaune a Damagaram, ƙanwar Baba, macen da ba ta iya ganin abu ya tsaya ba ta sa masa hannu ba. Ashe duk wayar da nake yi kunnenta na kai. Wata rana ta dawo daga suna tana walƙiya, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Ubanki na can yana lallaɓa yaro, ni na gama da ubangidan." Ta haɗu da matar Maigida a wurin sunan, ta kai mata kukana, matar ta kai wa mijinta. Shi kuma ya ɗaga waya ya kira Gure ya ce ɗiyar wane za ta zo da tambayoyi a kan mangaza, a amsa mata duka.

Na yi murna, har na yi wa Gwaggo wanke-wanken da ba nawa ba. Washegari da safe Baba ya kira. Bai saba kira ba, sai dai ya taɓa wayar ta yi ƙara ya kashe, ni in neme shi. Ya tambaye ni wa na gaya wa. Na ba shi labarin Gwaggo ina dariya. Ya ce, "To. Allah ya sa alheri ne," ya ajiye.

Sai da na iso Gure Innata ta warware mini, tana tsince wake ba ta dube ni ba. Ta ce Maigida ba ya faɗa da yaransa. In ya fara shakkar wani, sai ya turo mutum ya zo gaisuwa, ya sha shayi, ya yi 'yan tambayoyi kamar ba komai. Haka aka yi wa wanda ya riƙe mangazar kafin Alhaji, kuma kakar shekarar ba ta zo ta same shi a wurin ba. Yanzu ga waya daga sama, kuma wadda aka turo ɗiyar mutumin da ya san kowace tiyar hatsi da ta shiga mangazar ce. Me Alhaji zai ɗauka, in ba cewa Baba ne ya kai sararsa ba?

"Tun ranar," in ji Inna, "gaisuwar da yake yi wa Babanki ta yi tsawo. Har lafiyar awakinmu yake tambaya."

Na ce wa Baba na fasa, zan nemi wani mai kanti. Ya girgiza kai ya ce in ban je ba an yar da maganar Maigida, kuma Alhaji zai ce na riga na samu abin da nake nema a gida. Na ce to ya yi masa bayani. Ya ce ya yi, Alhaji kuma ya amsa da fara'a, fara'ar ce ba ta kwanta masa ba.

Ranar da aka sa mana muka tarar an share gaban mangaza an yayyafa ruwa. 'Yan dako na zaune a jere jikin bango, ba rediyo, ba wasan da suka saba yi da Baba. Alhaji, wanda na sani tun ina ƙarama yana amsa gaisuwa a zaune idonsa na kan sikeli, ya miƙe tsaye saboda ni. Baba ya nufi tabarmar da yake zama, sai Alhaji ya ce, "Malam, ka huta a waje, ciki akwai zafi."

An ajiye mini kujera da lemu mai sanyi da gasasshen nama. Na nemi izini na ɗora wayata a kan tebur don ta ɗauki magana. Ya daɗe yana kallonta.

"Ɗiyata, wannan ce za ta kai saƙon?"

"Malaminmu ne kaɗai zai ji, Alhaji."

"Haka ne," ya ce. "Malaminku."

Tambayoyin nan a aji ba su da wani kaifi. Ina kuke sayen kaya, yaya kuke yanke farashi, me ake yi da buhun da ya lalace, yaya zamanku da mai dukiya. A ɗakin nan kowace ta fito daga bakina kamar tuhuma. Shi kuma ba ni yake amsa wa ba, ya sunkuya ne yana magana da wayar, a hankali, yana rantsuwa inda ba a nemi rantsuwa ba. Ya tashi da makullai ya buɗe mini kowane ɗaki, har wanda ba komai cikinsa sai tsofaffin buhuna, ni kuwa ban roƙa ba. Naman ya huce ban taɓa shi ba. Tambayar ƙarshe ita ce yaya yake gane wanda zai amince wa. Ya dubi ƙofa, inda ake hango ƙafafun Baba a inuwa, ya ce a da yana tsammanin ya iya.

Na kashe wayar na ce, "Alhaji, wallahi Baba bai san komai ba. Gwaggona ce ta yi karambani."

Ya yi murmushi. "Na sani, ɗiyata. Babanki mutumin kirki ne, kowa ya shaida." Ya rako ni har bakin titi, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Har yau ban san ko yana da abin ɓoyewa ba, abin da na gani kawai mutum ne a tsorace.

Bayan la'asar amalanke ta tsaya a ƙofar gidanmu da buhun hatsi da wani ƙunshi a leda. Mai amalanken ya ce Alhaji na gaida Malam, ya gode da wahalar shekaru, ya ce ya huta haka nan. Inna ta nemi turmi ta zauna a kai. A sana'arsu ba a ce wa dattijo an kore shi, sallamarsa ake yi da alheri, don kada bakinsa ya samu abin faɗa, kuma dole ya je ya yi godiya.

Zuciya ta ɗebe ni, na ɗauki waya zan kira Gwaggo ta koma wurin matar Maigida ta gyara ɓarnarta. Baba ya riƙe hannuna.

"In aka tilasta masa ya mai da ni, da wace fuska zan riƙa auna masa hatsi? Bari."

Ya kwance ƙunshin. Babbar riga ce ta shadda, fara, da aikin hannu a ƙirji. Ya shiga ɗaki ya sako ta. Baba dogo ne, rigar kasuwa ba ta taɓa kai masa inda ya kamata ba, amma wannan ta zauna masa cif, kafaɗa da tsawo duka. Inna ta taso ta shafa aikin da yatsa, ta ce, "Wannan ba ɗinkin yini ɗaya ba ne."

Ashe tun ban hau mota daga Damagaram ba rigar tana wurin tela. Baba ya gyara hularsa, ya ce in miƙo masa takalmansa, yana so ya je ya yi godiya kafin magariba.