Akwatin da Ba Shi da Kwaɗo

Gidanmu a unguwar Kilomita Biyar, cikin birnin Bangui, ɗaki biyu ne, da tsakar gida wadda idan aka shanya zannuwa uku ta cika. Da aurena ya mutu, na dawo wurin Inna da 'yata guda, da keken ɗinki, da katifa, da kwanukan da aka yi mini jere da su. Daga ranar nan gidan ya koma kamar sito. Duk abin da kike nema sai kin ɗaga abu biyu kafin ki kai gare shi, kuma idan kin same shi sai ki rasa inda za ki mayar da biyun.

Ni mai saurin fushi ce, ba na ɓoye wannan, kuma ƙuncin wuri yana daga cikin abubuwan da ke tayar mini da shi. Saboda haka na shiga neman fili kamar mai neman allura. Na sa aka ɗora gadon Inna a kan bulo, ƙarƙashinsa ya ɗauke bokitai da buhun garin rogo. Na kira kafinta ya shimfiɗa katako biyu a saman ƙofa, tabarmi da bargunan sanyi suka hau can. Tukwane suka shige cikin juna, ƙarama cikin babba, murafensu a rataye a ƙusa. Katifata kuwa da rana tsaye take wuni jikin bango, har 'yata ta ce ita ce ta huɗunmu a gidan. Ɗakinmu ba shi da silin, sai na ɗaura igiyoyi a katakon rufi na rataye buhunan ƙyallaye. Inna tana kallona, takan ce idan na ci gaba haka wata rana ita ma za ta farka ta gan ta a rataye.

Duk da haka wuri bai isa ba, kuma na san dalili. Wuri mafi kyau a gidan, kusurwar ɗakin Inna ta kusa da taga, inda kwano ba ya yoyo kuma haske yake shigowa tun hantsi, akwatunan ƙarfe uku ne suka mamaye shi. Ba namu ba ne. Na Hajiya ne, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya.

Sai na faɗi wani abu game da Inna kafin a fahimci akwatunan nan. Ba ta da shago, ba ta da gwal, ba ta je Makka ba. Abu guda take da shi, kuma da shi take taƙama a zuciyarta ko da ba ta faɗa ba: daga layinmu har unguwar Kokoro an san cewa abin da aka ajiye a wurinta za a same shi yadda aka bar shi. Mai tafiya ya kawo makullin shagonsa, wata ta kawo takardar fili, wata 'yan kunne ƙulle a bakin ɗankwali. Ba ta tambayar abin da ke ciki, ba ta kwance ƙulli. Idan ajiyar babba ce, sai an kira shaidu biyu ranar kawowa, kuma su ɗin dai ake kira ranar ɗauka. Wannan suna shi ne dukiyarta, da shi take shiga taron mata a matsa mata kan tabarma.

A shekarar da mutane suka yi ta cika manyan motoci zuwa Kamaru da Cadi suna gudun rikici, Hajiya ma da za ta bi su ta turo akwatunan nan, aka kira limamin masallacin layinmu da wani dattijo mai sayar da albasa. Ta ce wata biyu ko uku za ta yi. Shekara bakwai suka yi a kusurwar nan, a kan bulo huɗu-huɗu, an lulluɓe su da tsohon zane. Ni kuwa a bakin ƙofa nake ɗinki. Hadari na haɗuwa, kuma a Bangui ba ya jiran a shirya, sai in ja keke ciki da gudu, kayan mutane a kafaɗa, ruwa yana bin ƙafata.

Wata rana da ruwa ya jiƙa mini leshin wata mata, na shiga ɗakin Inna raina a ɓace.

"Inna, don Allah a mayar da akwatunan nan rumfar girki. Zan sa leda in rufe su da kyau."

"Rumfar da gara ta cinye turmi?"

"To a ɗora su bisa juna mana, in samu wurin keke."

"Na ƙasa ya lotse, in ce wa mai shi me?"

"Shekara bakwai fa, Inna. Wa ya san ma ko za ta dawo?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ita ta ce miki ba za ta dawo ba?"

Nan maganar ta tsaya. Na fita ina ƙunƙuni, ita kuma ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ni nake share ɗakin, saboda haka na san akwatunan nan kamar yadda na san kekena. Biyu suna da kwaɗo kuma suna da nauyi, ko motsi ba sa yi. Na ukun ba shi da kwaɗo, igiya kawai aka ɗaure shi da ita, kuma idan tsintsiya ta buge shi sai ya yi ƙara irin ta abin da babu komai a ciki. Ƙarar nan ta daɗe tana damuna. Ina barci a takure, ina ɗinki a bakin ƙofa, ga kuma fili yana zaune a banza cikin ƙarfe, babu ɓera, babu danshi.

A lokacin ina da turamen atamfa goma sha ɗaya da nake tara wa 'yata, kamar yadda Inna ta fara tara mini tun ban iya ɗaura zane ba. Suna cikin jaka a ƙarƙashin gado, kuma damina ta fara sa musu wari, ɗaya har ya yi funfuna a gefe. Ranar da Inna ta tafi ta'aziyya Kokoro, na tura 'yata makarantar allo, na rufe ƙofa, na tsuguna gaban akwati na uku. Na daɗe ina duban ƙullin igiyar don in iya mayar da shi yadda yake. Da na ɗaga murfin, abin da na gani bargo ne guda, da kwanukan sha huɗu, da wata darduma a naɗe. Ko rabinsa ba su cika ba. Ban taɓa su ba, wannan kam gaskiya ne. Na shimfiɗa jarida a kansu, na jera turamena, na rufe, na ƙulla igiya. Na gaya wa kaina ban ɗauki komai ba, ƙari ma na yi. Har na ji daɗin wayona, na yi mamakin yadda ban yi tun tuni ba.

Suka yi wajen wata takwas a ciki. Sau biyu na sake buɗewa na ƙara sabon turmi. Inna ba ta taɓa lura ba, domin ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai abin lura ba.

Ranar da abin ya faru na fita da hantsi zuwa Titin Koudoukou sayen zare da zif. Na tsaya hira, na zaga wurin masu yadi, ban dawo ba sai kusan azahar. Ina sauka daga babur ɗin haya na ga sawun taya a ƙofar gida, irin na pus-pus da ake tura kaya da shi. Na shiga ɗakin Inna, kusurwar taga wayam. Bulo goma sha biyu kawai ke zaune a ƙasa, da tsohon zanen a ninke.

Inna tana kan darduma, fuskarta tana haske kamar ranar Sallah. Ban taɓa ganinta da farin ciki irin wannan ba. Ta ce babban ɗan Hajiya ne ya zo daga Kamaru, mahaifiyarsa ta samu gida a can, ta ce a kai mata kayanta. An kira liman, an kira mai albasa da sandarsa.

"Na ce musu, ga su nan yadda aka kawo su, hannu bai taɓa shiga ba. Liman ya yi addu'a. Yau na sauke nauyi, 'yar nan. Ga wurin kekenki nan, sai ki huta da mita."

Na zauna a bakin gado. Abin da ya fara zuwa mini, ba zan yi ƙarya ba, shi ne in yi shiru. Atamfa ce, a sake tarawa. Amma kafin in gama wannan tunanin wani ya biyo shi: Hajiya za ta kwance igiyar nan a can, ta ga turamen da ba nata ba a kan bargonta. Za ta san an buɗe. Ɗanta kuma zai gaya mata abin da Inna ta faɗa gaban liman. Ko Hajiya ba ta gaya wa kowa ba, za ta zauna tana ganin Inna ta yi mata ƙarya, Inna kuma tana nan ba ta san komai ba.

Na faɗa mata. Ban iya tsara maganar ba, haka na zubo ta. Na zaci za ta yi faɗa, na ma fi son ta yi, domin faɗa na iya. Ba ta yi ba. Ta tambaye ni sau nawa na buɗe, na ce uku. Ta tashi ta yafa mayafi.

"Je ki kira mini Malam liman da Baba mai albasa. Ki ce ina roƙonsu su sake fitowa."

"Inna, ni kaɗai ma zan iya zuwa in sami ɗan Hajiya in yi masa bayani."

"A gabansu na faɗa."

Mu huɗu muka taka zuwa filin da ake lodin manyan motoci, a hankali saboda sandar dattijon. Mun tarar an riga an ɗora akwatunan, an jibga buhuna a kansu. Ɗan Hajiya, mutum ne mai furfura a gemu, ya taso da sauri yana tambayar ko lafiya. Da ya ji bayani sai ya yi dariya, ya haɗa Hausa da Sango, yaren garin, kamar yadda muka saba.

"Haba Mama, zia ni, ki bar shi kawai. Idan na isa sai in ba direba ya dawo da su. Ba komai wallahi."

"Ɗana, a sauke akwatin."

Aka sauke. Masu lodi suna ta tsaki, mutane suka fara taruwa. Inna ta ce shi zai kwance igiyar da hannunsa, ni kuma in kwashe abin da na zuba. Na tsuguna cikin rana ina fitar da turame ɗaya bayan ɗaya, goma sha uku, ina ɗorawa a kan mayafina. Kunya irin wannan ban taɓa ji ba, kuma har yau idan na bi ta filin nan sai na sunkuyar da kai. Sannan ta sa ya kira mahaifiyarsa a waya, ya lissafa mata abin da ya rage: bargo, kwanuka huɗu, darduma. Muna jin muryar Hajiya tana cewa ita ta ma manta abin da ke ciki, a gaya wa 'yar'uwarta Inna ta yafe duniya da lahira, a gaishe da mai ɗinki.

Inna ta juya ga shaidun biyu. "Malam, Baba, abin da na faɗa muku da safe ba haka yake ba. An buɗe akwatin nan a ɗakina sau uku. Na janye maganata."

Liman ya ce ai ba da saninta ba ne, babu laifi a kanta. Ta ce ta ji, ta gode.

A gida ba ta sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Da kanta ta taya ni kwashe bulo. Na kafa kekena a kusurwar taga, na samu haske, na samu wurin tebur na yanka, har da kantar jera yadi. Ruwa ya yi ta zuba a wannan damina ban tashi daga kujera ba. Duk abin da na yi shekaru ina nema na same shi, kuma aikina ya ƙaru.

Bayan kamar wata biyu wata mata ta yi sallama da hantsi, daga Kokoro. Za ta Njamena jinyar 'yarta, ta zo da ƙaramar jaka a hammata, takardun gidansu ne a ciki da sarƙar mahaifiyarta. Ina kan keke, ina jin su. Suka gaisa, ta tura jakar gaban Inna kamar yadda kowa yake yi, ba tare da dogon bayani ba. Inna ta daɗe tana kallon jakar, hannayenta a kan gwiwa. Sannan ta sa yatsa ta mayar da ita gaban mai ita.

"Ki yi haƙuri, 'yata, ki kai wa wata. Ba ni kaɗai ba ce a gidan nan, ba zan iya ce miki ba za a taɓa ba."

Matar ta ɗauka ta fita tana waiwaye. Ni kuwa ƙafata na kan feda, na kasa takawa. Daga ranar har Allah ya karɓi ranta, Inna ba ta sake karɓar ajiyar kowa ba.