Garin da Malamin Lissafi Ya Gina

Shekara talatin da biyu Malam ya yi yana koyar da lissafi, ni ma na ɗanɗani rularsa ina 'yar aji uku. Da ya yi ritaya bai koma noma ba, bai buɗe kanti ba, sai ya rungumi wani tsohon wasan gina gari na zamanin faifan sidi. Duk titin da ya shimfiɗa a wasan sai ya raɗa masa sunan ɗalibinsa guda, kowane aji da unguwarsa. Tituna sun haura ɗari shida. Kullum da safe yakan bi su yana karanta sunayen da ƙarfi, don mantuwa ta fara kama shi, kuma ya san da haka.

Faifan ya tsage tun tuni. Sa'ar da aka yi, ya kwafe shi cikin kwamfuta, yana kunna wasan da wata manhaja mai kwaikwayon na'urar da. Akwai kuma ta biyu, wadda ke ruɗar kwamfuta ta ɗauka an saka mata faifai. Wannan ta biyun ce ta hana ni sakat. Masu ita sun daina gyara ta fiye da shekara goma, amma Malam ya riƙe ta gam.

Duk zuwan da zai yi shagona na gyaran kwamfuta, sai na yi masa bayani har bakina ya gaji: tsohuwar manhajar can cikin injin take shiga, ƙofofin da ta bari a buɗe ba mai rufe su, kuma kwamfutocin yanzu suna buɗe kwafin faifai da kansu. Sai ya gyara zaman tabarau ya ce shi abin da ya gwada ya ba shi amsa daidai ba ya canza shi. Na ce ya bar mini filashinsa in kwafi garin, ya ce ai shi duk mako yake kwafa. Gaskiya ne, ba ya fashi. Abin da ban sani ba, filashin ba ya taɓa zare shi daga jikin kwamfutar, wai kada ya manta inda ya ajiye.

Da 'yarsa ta aiko masa sabuwar kwamfuta, sai kwamfutar ta ƙi karɓar tsohuwar manhajar. Maimakon ya tako shago, tafiyar minti biyar, sai ya shiga intanet ya sauke ta daga wani shafi da ba a san mai shi ba. Manhajar tsaro ta yi gargaɗi sau uku, Malam ya kashe ta, wai ta cika surutu kamar 'yan bayan aji.

Washegari ya shigo da kwamfutar a hammata. Cutar kwamfuta ta kulle komai, har filashin. Garin kuwa ya riga ya mayar da shi cikin sabuwar, ya goge na tsohuwar. Kwana biyu ina fama, na kira duk wanda na sani a sana'ar, ba abin da ya dawo. Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi da ni kaina, don da na ƙwace filashin nan da ƙarfin tsiya da garin yana nan.

Na wanke kwamfutar, na samo kwafin wasan a tsohuwar tasa, na danna sau biyu ya buɗe ba tare da wata tsohuwar manhaja ba. Fili ne fetal, ko bukka babu.

"Shi ke nan abin?" in ji Malam.

"Shi ke nan, Malam. Shekara nawa ina faɗa."

Ya ja kujera, ya shimfiɗa titi na farko a gefen kogi, akwatin rubuta suna ya fito. Ya ɗora yatsu a kan madannai, ya daɗe a haka. Can ya juyo ya dube ni.

"'Yata, da ke zan fara. Tuna mini sunanki."