Akawu da Yaƙin Bakasi

Wan mijina bai taɓa wuce Kwantagora ba, amma duk Aliero babu wanda ya kai shi sanin Bakasi. Akawu ne a sakatariya, da sunan aikin ma ake kiransa. Kullum bayan la'asar yana kan benci a bakin tasha, rediyo a cinya, yana jera sojojin Najeriya da na Kamaru da tsinke a ƙasa. A bakinsa kwana uku sun isa a gama rigimar, da za a saurare shi.

Wanda ya je wurin da ƙafarsa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe can yana soja, ya dawo da kunne ɗaya a toshe, ya koma Sabiyal ya kama noman albasa. In an tambaye shi labarin yaƙi sai ya ce sauro ya fi harsashi yawa. Sau ɗaya ya gaya mini sun binne abokinsa cikin laka, washegari ruwa ya tono shi. Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Ranar da aka ji an miƙa wa Kamaru wurin, ina Sabiyal, na kai wa innarmu magani. Sai ga Akawu a kan babur, hula a karkace. Ya tarar da yayana yana zuba albasa a rudu, rumfar karan da ake ajiye ta.

"Kun sayar da ƙasa," in ji Akawu. "Ku da aka ba bindiga."

Yayana ya juyo masa kunnen da ke ji. "Mi kac ce, Malam?"

Ya maimaita da ƙarfi, har da ƙarin cewa da shi ne, gawarsa za a ɗauko.

"To Malam, daga nan inda kake tsaye, ina Bakasin take? Nuna min da hannu."

Akawu ya miƙa hannu.

"Nan hanyar Argungu ta," in ji yayana, ya ci gaba da aikinsa. Da baƙon zai tafi ya cika masa buhu da albasa. Ya karɓa kuwa, har yana cewa a ƙara manya.

Shekaru suka wuce, Akawu ya yi ritaya. Sai aka fara jin labarin 'yan bindiga a kan babura suna ratsa daji wajen Andarai, suna kora shanu. Aka kira taro, Akawu ya miƙe ya ce lokacin masana yaƙi ya zo. Kafin mako ya zagayo tela ya ɗinka masa kaki, ya sayi usur, ya tara samarin unguwa a filin firamare yana koya musu faretin da shi ma a talabijin ya gani. Ya aika a kira yayana. Yayana ya zo, ya duba sanduna da bindigogin toka, ya ce kada a jera 'ya'yan mutane gaban masu manyan makamai. Abin yi shi ne a sa masu tsaron hanya, da an hango su a kwashe mata da dabbobi zuwa cikin gari. Akawu ya ce irin wannan tsoron ne ya kashe Bakasi.

Wata safiya ina tankaɗe aka yi ihu cewa 'yan bindigar sun shigo gonakin bayan gari. Ban ajiye rariya ba sai ga Akawu cikin madafina daga shi sai singileti, kakin a dunƙule a hammata. Ya tsuguna bayan buhunan gero.

"Yaya, lafiya?"

"Shiri nike. Kar ki ce kin gan ni."

Nan ya yi shirinsa har azahar. Samarinsa huɗu suka fita da bindigogin toka kamar yadda ya koya musu. Uku suka dawo. Yayana ne ya ɗaura amalanke ya je ya ɗauko na huɗun, ɗan maƙwabciyata, ya kuma tsaya aka yi masa wanka. Da yamma Akawu yana bakin tasha cikin babbar riga, yana bayanin cewa yaran ba su bi umarni ba.

Bara yayana ya rasu, ciwon ƙirji. A zaman makoki ina cikin gida, zana ce kawai tsakanina da maza, na ji muryar Akawu.

"Mu da muka sha wuyar Bakasi, mun yi rashi."

Babu wanda ya musa. Wasu ma har da amsa masa. Na gaya wa mijina abin da na gani a madafi, ya roƙe ni in yi shiru saboda zumunci. Na yi shiru. In Akawu ya zo gidanmu ina zuba masa tuwo, ina kai masa ruwa. Durƙusawar gaisuwa ce na daina. Ya lura, ya kai ƙarata wurin ƙanensa, shi kuma ya ce masa gwiwa ce ke damuna.