Askar da Kawu ya warware

Wasu shekaru can baya, ina karatun digiri na biyu a Manchester, ina zaune da mahaifiyata a unguwar Gorton, na shafe kusan shekara ina fama da rubuce-rubucen wani Bajamushe masanin falsafa da ya rasu fiye da ƙarni guda. Ɗan fasto ne, da karatun addini ya fara, daga baya ya karkata ga binciken tunanin ɗan Adam da abin da ke sa mu ce abu ya yi kyau. Ra'ayinsa, gwargwadon fahimtata, shi ne idan mutum ya kalli abu, kansa yake zubawa a ciki ba tare da ya sani ba. Ka ga mai tafiya a kan igiya, sai ka ji naka ƙafafun suna rawa. Ka ga ginshiƙi, sai ka ji kamar kai ne a miƙe kana ɗauke da rufin. Wannan jin shi ne tushen kyau a wurinsa.

A dangi kuwa an taƙaita abin da cewa ina "karatun kyau a uni". Ban taɓa iya gyara musu ba, don duk bayanin da na fara sai na bi shi da "amma" uku.

Ina da kawu a unguwar Handsworth a Birmingham, ƙanin mahaifiyata, direban bas. Ya koyi ɗinkin hannu a Kano tun yana saurayi. Da maganar auren 'yarsa ta fari ta taso, ya ƙudurta da hannunsa zai ɗinka babbar rigar da zai sa. A gida, mai zane daban, mai ɗinki daban: wani ke zana fasalin a jikin shadda, kai kuma ka bi da allura. A Birmingham ina zai samo mai zane? Sai ya zana da kansa. Ya yi watanni a kai, kullum bayan ya tashi daga aiki.

Saura mako uku biki ya kira ni, na hau doguwar bas ranar wata Asabar. Ya shimfiɗa rigar a kan tebur kusa da taga. Farar shadda, zare ruwan zuma, aska takwas, wato dogayen tsinin nan da ke gangarowa a ƙirji.

"To, Farfesa," in ji shi, "kai ne ka karanta abin. Ta yi kyau ko ba ta yi ba?"

Gaskiya da na gan ta sai da na gyara tsayuwa. Kafaɗuna suka miƙe da kansu. Amma na lura aska ɗaya ta ɗan karkata, kuma ni mutum ne mai tsoron faɗin maganar da ba ta cika daidai ba.

"Kawu, ai ya danganta. Kyau ba lallai a jikin rigar yake ba, yana iya zama a wurin mai kallo. Wani, alal misali, zai iya ganin kamar askar nan ta ɗan jingina, wani kuma..."

"Wacce?"

Na nuna masa.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Kai ɗan nan, eh ko a'a fa aka tambaye ka."

"Anti, ba na so in yi saurin yanke hukunci ne."

Kawu ya yi dariya. "Rabu da shi, ilimi ne ke magana." Ya naɗe rigar, aka kawo tuwo, muka shiga wata hirar. Na koma Manchester har ina yaba wa kaina, wai ban yi wa dattijo daɗin baki ba.

Ranar biki, a wani ɗakin taro a unguwar Aston, sai ga Kawu cikin riga mai ɗinkin keke, ta aro, ta ma ɗan yi masa gajarta. Na tambayi Anti. Ta ja ni gefe.

"Washegarin zuwanka ya sa reza ya warware askar nan, wai zai sake zanawa. Da ya cire ta, sai ya ga ta kusa da ita ma ba ta yi masa ba. Ya cire. Kafin ya ankara lokaci ya ƙure."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta koma wajen raba abinci.

Na daɗe ina so in ɗora wa Bajamushen laifi, amma ina jin ba nasa ba ne. Shi cewa ya yi jiki ke fara sani, kuma nawa jikin ya ba da amsa tun kafin in buɗe baki. Ya kuma ce ta wannan hanyar muke gane abin da ke zuciyar wani idan muka dubi fuskarsa. Fuskar Kawu tana gabana a ranar. Ni aska nake kallo.

Daga baya idonsa ya yi rauni, ya bar tuƙi, ya bar allura. Rigar tana cikin akwati, da ramukan allura a inda aka cire zaren. Har yau ba na iya ba da amsa a gajarce, sai dai idan wani ya miƙo mini abin da ya yi da hannunsa, ina ƙoƙarin fara faɗin abin da na ji, in bar "amma" ta jira.

Sai bayan shekaru na samu ƙarfin halin ce masa, muna zaune a falonsa, "Kawu, rigar nan ta yi kyau ƙwarai. Tun ranar na gani."

Ya yi murmushi. "Ashe an gama binciken?"

"An gama, Kawu."

"To, Allah ya yi albarka. Da ka faɗa a lokacin, da yanzu tana cikin hotunan bikin."