Ranar da Aka Cire wa Dokin Babanmu Linzami

Akwai wata safiya a garin Khaddamari da ko na so in manta da ita ba za ta bar ni ba. Shekaru sun wuce, amma duk lokacin da na tuna ta sai in ji kamar yanzu nake riƙe da igiyar dokin.

Da mahaifinmu ya rasu, ya bar baƙin doki a gidanmu na unguwar Lamisula. Mu ba 'yan sarauta ba ne. Tsohon dai ya taso da son doki tun yana ƙauye, yakan fita kilisa bayan la'asar ya dawo kafin magariba. Yayana direban babbar mota ne, ba ya zama a gari. Ni kuwa tela ne, shagona yana bakin layinmu, don haka kula da dokin ya faɗo kaina. Na karɓe shi da tsoro iri biyu: tsoron kada Allah ya tambaye ni haƙƙin dabbar, da tsoron dokin kansa, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kula kam na kula. Nakan tankaɗe dusa sau biyu kada a samu ƙusa a ciki. Na gajarta igiyar turke don kada ya harɗe ƙafa ya karye. In ya nemi kwanciya ya yi birgima sai in daka masa tsawa ya tashi, saboda na taɓa jin an ce hanjin doki kan murɗe. Da na ga yana fizgar kai in na hau, sai na sayo linzami mai nauyi, irin mai zoben nan da ke danne harshe, na ce wannan zai riƙe shi. In ina bisa ba na sassauta hannu ko kaɗan, ko da a tsaye muke. A lokacin duk wannan tausayi nake kiransa.

Cikin 'yan watanni dokin ya canza. Wanda yara ke shafa wa wuya a da, ya koma da ya ji takuna sai ya kwantar da kunnuwa baya. Ya cije ni a kafaɗa sau ɗaya, na ɓoye ban faɗa ba. Wata ranar Juma'a da yamma na fito da shi, wani mai keke napep ya danna oda a bayanmu. Na ja linzami da duk ƙarfina. Dokin ya miƙe da ƙafa biyu, ya kayar da ni, ya bi layi a guje. Ya ture teburin wata mai sayar da gyaɗa, ya wuce dab da yaran da ke wasa a ƙofar gida. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni.

Yayana yana gari a makon. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Ya ce, "Yau tebur ne, gobe ɗan mutane. Dokin nan ya haukace. A kai shi Kasuwar Shanu."

Na ce, "Yaya, na Baba ne fa."

"Da Baba ya ga abin da ya faru yau, da kansa zai ja shi kasuwa."

A kasuwa dillalai suka yi ta zagaya shi daga nesa, yana hura hanci yana harbin iska. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Malam, ba mai hawan da zai sayi wannan. Sai dai masu lodin mota." Na san abin da yake nufi. Dokin da aka loda a motar nan ba sirdi ake kai shi ya ɗauka ba, wuƙa ce ke jiransa.

A nan ne wani dattijo Bashuwe, wanda ya kawo tumaki, ya matso. Bai duba ƙafa ko kofato kamar yadda dillalai ke yi ba. Ya tsaya kusa da kafaɗar dokin, ya ba shi gefe, yana kallon wani wuri dabam kamar bai san da shi ba. Ya daɗe a haka har dokin ya miƙo hanci ya sansana rawaninsa. Sannan a hankali ya zura yatsa ta gefen bakin. Da ya zaro, akwai jini da wari.

Ya ce, "Wa ke hawansa?"

"Ni ne, Baba."

"Mene ne sana'arka?"

"Ɗinki."

Ya girgiza kai. "To tela, bakin doki ba yadi ba ne da za ka yi ta ja don ya miƙe. Kawo mini shi Khaddamari. Kai ma ka zo, don ban san wanda ya fi buƙatar magani a cikinku ba."

Na kira Yaya a waya, na gaya masa abin da dattijon ya ce. Ya ce, "Kwana goma. Ranar ta goma zan zo da kaina. In ya sake ɗaga ƙafa, ba na son jin wata magana."

Kwanakin nan ban hau ba ko sau ɗaya. Dattijon ya cire linzamin ya rataye a reshen bishiya, yana wanke wa dokin baki da ruwan gishiri, yana jiƙa masa dusa. Ni aikina shi ne in rufe shago in zo kowace safiya, in shiga shingen ƙaya, in zauna a kan kifaffen turmi, kada in yi komai. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Ranar farko da aka kwance dokin, ya zagaya, ya sami yashi, ya durƙusa zai yi birgima. Na miƙe zan hana shi, dattijon ya riƙo mini riga.

"Zauna, ɗana. Kai in ka wuni a kan keken ɗinki ba ka yin miƙa?"

Dokin ya yi birgima har sau huɗu, ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya. Watanni ina hana shi wannan. A rana ta shida ne ya zo da kansa ya tsaya a bayana, na ji ɗumin numfashinsa a ƙeyata. Ban juya ba.

Safiyar rana ta goma Yaya ya iso, suka gaisa da dattijon da gaisuwar yankin, wushe wushe, ya koma gindin bishiya ya harɗe hannu. Dattijon ya ɗaura sirdi, ya sa wa dokin ragama ta igiya zalla, babu ƙarfe a baki. Ya ce in hau.

Na ce, "Baba, linzamin fa? In ya zabura da me zan tsai da shi?"

"Da abin da kake zaburar da shi. Na lura da kai, ko kusa da shi ka zo riƙe numfashi kake yi. Yana jin cikinka ya ƙame, sai ya ɗauka kura ka gani, shi ma ya nemi hanyar gudu. In kana so ya tsaya, saki numfashi ka zauna da nauyinka. In kana so ya juya, dubi inda za ka. Hannu shi ne na ƙarshe."

Na yi bisimilla na hau. Muka fita daga shingen, muka bi gefen gonakin albasa a hankali. Na fara jin kamar abin zai yiwu. Sai ga zabi sun tashi fir daga cikin ciyawa, dab da ƙirjinsa. Dokin ya zabura ya miƙa a guje, gabanmu kuwa wata mata ce durƙushe tana cire ciyawa a bakin hanyar ruwa, ta ba mu baya.

Hannuna ya riga ya tashi zai fizga. Na san in na fizga zai miƙe tsaye, Yaya yana kallo, magana ta ƙare. Na kuma san in ban yi komai ba matar nan tana gabanmu. Sai na jiyo muryar dattijon daga baya: "Numfashi, tela."

Na saki. Ban san cewa tun da na hau ban shaƙi iska sosai ba sai a lokacin. Na sauke hannuna a kan wuyansa, na saki gwiwoyina, na zauna da dukan nauyina, na kai idona ga wata tsamiya da ke hagu. Gudun ya ragu, ya karkata hagu, ya koma tafiya, ya tsaya. Kunnensa ɗaya ya juyo baya yana saurarona. Matar ta ɗago ta dube mu, ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa ina bisa doki, da gemuna, hawaye na zuba.

Da muka dawo na tarar Yaya ya sauko da linzamin daga reshe yana jujjuya shi. Jini ya bushe a jikin zoben.

Ya ce, "Kai ka sa masa wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Baba bai taɓa sa masa irin wannan ba."

Yaya ya daɗe yana kallon dokin, sannan ya miƙa wa dattijon ƙarfen ya ce, "A mai da dokin gida."

Kafin mu tafi dattijon ya buɗe mini bakin dokin ya nuna mini harshen. Ya ce ciwon zai warke, amma tabon ba zai tafi ba. Haka kuwa aka yi. Har ya tsufa ya mutu a gidanmu, in yana cin dusa sai kaɗan ta riƙa zubowa ta gefen hagu, kullum ina gani, kullum ina neman gafarar Allah.

Har yau ni mai yawan fargaba ne, ban warke ba. Amma na gane cewa mutum yana iya cutar da abin da yake ƙauna alhali yana rantsuwa kare shi yake yi. Yanzu in na ji hannuna yana son matse wani abu da aka ba ni amana, dabba ce ko ɗa, nakan tsaya in tambayi kaina: shi nake tsarewa, ko tsorona nake lallashi?